Bayani kan taswirorin intanet masu bin sawun hadari da ambaliya a kudancin Kano

A kowace shekara da zarar bazara ta kama, hankalin manoma da masunta da direbobi a ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa yakan koma gabas, inda hadari ya saba haɗowa.

A da, ido da gogewar dattawa ne ma'aunin da ake dogaro da shi wajen sanin ko hadarin na ruwa ne ko kuwa na iska. A yau duk mai wayar salula da ke shiga intanet yana iya ganin hoton hadari tun yana da nisan ɗaruruwan kilomitoci, ya kuma karanta gargaɗin da hukumomi suka fitar game da garinsu.

Sai dai ganin taswira daban, fahimtar abin da take nufi kuma daban.

Me ya sa wannan yanki ke buƙatar gargaɗi?

Kudancin jihar Kano shi ne ɓangaren da ya fi samun ruwan sama a jihar. A wajajen duwatsun Riruwai da ke ƙaramar hukumar Doguwa, ruwan da ke sauka a shekara yakan haura milimita 1,000, abin da ya sa yankin ya yi suna wajen noman masara da shinkafa.

Kogin Kano yana gangarowa ne daga waɗannan tuddai na kudu, ya ratsa dajin Falgore, sannan ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin mulkin Gwamna Audu Bako. An tsara madatsar ne domin ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2, kuma ita ce ke shayar da gonakin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam.

Daga Tiga kogin yakan nausa arewa ya haɗu da kogin Challawa, su bi ta Wudil su zama kogin Haɗeja, wanda ke ratsa jihar Jigawa har zuwa fadamun Nguru. Ke nan ruwan da ya sauka a Doguwa yau, yana iya zama matsalar mutanen Ringim ko Haɗeja bayan wasu kwanaki.

Yankin ya taɓa ɗanɗana kuɗarsa. A watan Agustan 1988 madatsar ruwa ta Bagauda da ke ƙaramar hukumar Bebeji ta ɓalle bayan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, aka yi asarar rayuka da gidaje da gonaki. Bayan wannan ne, a 1992, aka rage tsayin mafitar rarar ruwa ta Tiga da mita 3 da rabi domin rage nauyin da ke kan bangon madatsar.

A 2001 ambaliya ta sake shafe garuruwa da dama a jihohin Kano da Jigawa lokacin da Tiga da Challawa suka tumbatsa. A watan Satumbar 2010 ma an yi wata a Jigawa, wadda ta haddasa taƙaddama kan ko ruwan madatsun ne ya jawo ta ko kuwa ruwan sama.

Ina alaƙar hadarin Kano da guguwar da ke afka wa Amurka?

Mahaukaciyar guguwar teku irin wadda ke afka wa Amurka da tsibiran Karebiyan ba ta zuwa arewacin Najeriya. Irin wannan guguwa tana samun ƙarfinta ne daga ruwan teku mai ɗumi, wanda zafinsa ya kai kimanin digiri 26 da rabi a ma'aunin Salshiyos, kuma da zarar ta hau tudu sai ta fara mutuwa.

Amma akwai dangantaka ta kusa tsakaninta da hadarin da ake gani a ƙasar Hausa.

A lokacin damina, wasu igiyoyin iska kan taso daga gabashin Afirka, su keta yankin Sahel suna yin yamma, kusan duk bayan kwanaki 3 zuwa 5. Tare da su ne manyan hadura ke tafiya, waɗanda kan jeru a layi guda mai tsawon ɗaruruwan kilomitoci, da iska mai ƙarfi da ƙura a gaba, ruwa a baya. Tuddai irin na Jos da duwatsun Azbin na cikin wuraren da irin wannan hadari ya saba haɗuwa. Wannan ne dalilin da ya sa Bahaushe ke duban gabas idan yana jiran ruwa.

Idan igiyar ta fita daga gaɓar Senegal ta faɗa tekun Atlantika, wani lokaci takan rikiɗe ta zama guguwa. Binciken masana ya nuna cewa kimanin kashi 60 cikin 100 na guguwar Atlantika, da kuma kusan kashi 85 cikin 100 na mafiya ƙarfinsu, daga waɗannan igiyoyi na Afirka suke samo asali. Guguwar Irma, wadda ta ragargaza tsibirin Barbuda ta kuma afka wa jihar Florida a watan Satumbar 2017, ta faro ne daga igiyar da ta bar yammacin Afirka a ƙarshen watan Agusta.

Saboda haka ne cibiyar lura da guguwa ta Amurka da ke birnin Miami take sa ido a kan sararin samaniyar Afirka ta Yamma daga 1 ga watan Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. Cibiyar takan kira iska mahaukaciyar guguwa idan gudunta ya kai kilomita 119 a sa'a guda, kuma takan kasa ta mataki 5 gwargwadon ƙarfinta.

Taswirar cibiyar da aka fi sani ita ce mai siffar mazurari, wadda ke nuna inda ake zaton tsakiyar guguwar za ta bi cikin kwanaki 5. Mazurarin yana ƙara faɗi ne saboda rashin tabbas yana ƙaruwa da nisan kwanaki. Bai nuna girman guguwar ba, kuma ɓarna kan faru a wajensa. Wannan na da amfani ga Hausawa mazauna Amurka da kuma 'yan uwansu na gida da ke bin labarin.

Daga ina hotunan suke fitowa?

Akasarin hotunan hadarin da ake gani na Afirka suna fitowa ne daga taurarin ɗan Adam na Meteosat, mallakar hukumar EUMETSAT ta ƙasashen Turai. An harba na farko a 1977. Suna tsaye ne a nisan kimanin kilomita 36,000 daga doron ƙasa, suna juyawa daidai da juyawar duniya, don haka kullum fuskar Afirka da Turai suke kallo.

Jerin da aka daɗe ana amfani da shi yana ɗaukar hoto duk bayan minti 15. Sabon jerin da aka fara harbawa a watan Disambar 2022 yana ɗauka duk bayan minti 10, kuma yana ɗauke da na'urar da ke gano walƙiya.

Tauraron yana auna zafin saman gajimare, dare da rana. Gajimaren da ya yi tsiri ya kai kilomita 15 ko fiye yana da matuƙar sanyi a samansa, kuma irinsa ne ke ɗauke da tsawa da iska da ruwa mai yawa.

Hasashen kwanaki masu zuwa kuwa aikin manyan kwamfutoci ne. Biyu da aka fi dogaro da su su ne na cibiyar ECMWF ta ƙasashen Turai da kuma GFS na Amurka. Ana zuba musu bayanan taurarin ɗan Adam da na jiragen sama da na tashoshin auna yanayi, irin wadda ke filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, su kuma su lissafa yadda iska da laima za su kasance.

Su wa ke da alhakin yin gargaɗi a Najeriya?

Hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, wadda aka kafa da dokar 2003, ita ce ke da hurumin bayar da hasashe a hukumance. A farkon kowace shekara takan fitar da hasashen damina, wanda ke nuna lokacin da ake sa ran saukar ruwan shuka da lokacin ɗaukewarsa da yawansa da kuma inda ake fargabar tsaikon ruwa a tsakiyar damina, jiha-jiha da ƙaramar hukuma-ƙaramar hukuma. Akan fassara taƙaitaccen bayaninsa zuwa Hausa. Ban da wannan, tana fitar da hasashen yau da kullum a shafinta na intanet da kafofin sada zumunta.

Hukumar kula da ruwan koguna, NIHSA, wadda aka kafa a 2010, ta fara fitar da hasashen ambaliya na shekara-shekara a 2013, bayan bala'in 2012 da ya hallaka mutane 363 ya kuma raba fiye da miliyan 2 da muhallansu. Rahoton yakan kasa ƙananan hukumomi gida uku, wato masu babban haɗari da matsakaici da kuma ƙarami, tare da taswira.

Akwai kuma cibiyar gargaɗin ambaliya da ke ƙarƙashin ma'aikatar muhalli ta tarayya, wadda a tsakiyar damina kan fitar da jerin garuruwan da ake fargabar ruwa mai yawa cikin 'yan kwanaki. A daminar 2025 sunayen Bebeji da Tudun Wada sun fito a irin wannan jeri.

Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, da takwararta ta jihar Kano, SEMA, su ne ke da alhakin shiri da kai ɗauki. Madatsun Tiga da Challawa kuwa suna hannun hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, kuma daga gare ta ne ake samun sahihin bayani game da cikarsu.

A matakin yanki, birnin Yamai na Jamhuriyar Nijar yana da cibiyoyi biyu masu muhimmanci: AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan farin da ya addabi Sahel, da kuma ACMAD, mai lura da yanayin nahiyar Afirka baki ɗaya.

Waɗanne shafuka ne kowa zai iya buɗewa?

Shafin Zoom Earth da na EUMETSAT suna nuna hotunan tauraron ɗan Adam jim kaɗan bayan ɗaukarsu, kuma mutum na iya mayar da hoton baya ya ga inda hadari ya taso da inda ya dosa.

Windy da Ventusky suna zana hasashen kwamfutocin Turai da Amurka a kan taswira, da launuka masu nuna ruwa da iska da zafi. Suna ba da damar a kwatanta hasashe biyu a wuri guda.

Flood Hub na kamfanin Google ya shafi ambaliya ne. Kamfanin ya fara gwajin hasashen ambaliya a Indiya a 2018, kuma zuwa 2023 shafin ya kai ƙasashe 80, ciki har da Najeriya. Yana nuna ɗigo-ɗigo a kan koguna, masu sauya launi idan ana sa ran ruwa zai haura matakin haɗari, har zuwa kwanaki 7 gaba. Tarayyar Turai ma tana da irinsa mai suna GloFAS, wanda ƙwararru suka fi amfani da shi.

Dukansu ana buɗe su kyauta, in ban da kuɗin data. Taswira mai motsi tana cin data da yawa, don haka a ƙauyukan da sabis ke da rauni, hasashen da aka rubuta da kalmomi ya fi saurin buɗewa.

Yaya ake karanta taswirar?

Abu na farko shi ne a bambance hoto da hasashe. Hoton tauraron ɗan Adam abin da ya faru ne mintuna kaɗan da suka wuce. Hasashe kuwa lissafi ne, yana iya dacewa yana iya saɓawa.

Na biyu shi ne lokaci. Shafuka da dama suna amfani da agogon GMT, wanda a wasu wurare ake rubuta shi UTC. Agogon Najeriya da Nijar yana gaba da shi da sa'a guda.

Na uku shi ne alkibla da gudu. Manyan haduran damina sukan yi tafiyar kimanin kilomita 50 zuwa 60 a sa'a, daga gabas zuwa yamma. Idan aka ga dunƙulen gajimare mai launin da ke nuna tsananin sanyi a wajajen Ningi ta jihar Bauchi, yana kuma ƙara girma, to yana iya isa Tudun Wada ko Bebeji cikin sa'o'i 2 zuwa 3. Wannan lokaci ya isa a kwashe shanyar masara, a kaɗo dabbobi daga kwari, masunta kuma su fito daga tafkin Tiga.

Na huɗu shi ne ma'anar alƙaluma. Milimita 1 na ruwan sama daidai yake da lita 1 a kan fili mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1. Ke nan idan aka ce za a yi ruwa milimita 50, kowace hekta guda za ta karɓi lita 500,000, wato cikin jarka mai lita 25 har guda 20,000. A watan Agusta, lokacin marka, ƙasa ta riga ta ƙoshi, don haka mafi yawan wannan ruwa gangarewa zai yi zuwa rafuka.

Idan kuma aka rubuta cewa yiwuwar ruwa kashi 60 cikin 100 ce, abin nufi shi ne a cikin ranaku 10 masu irin wannan yanayi, ana sa ran ruwa a 6. Rashin saukarsa a rana guda bai nuna an yi ƙarya ba.

Hukumomi da yawa a duniya suna amfani da launi uku wajen gargaɗi: ruwan ɗorawa na nufin a lura, ruwan goro na nufin a shirya, ja kuma na nufin a ɗauki mataki nan take. Amma launukan taswirar ruwa da na gajimare sun bambanta daga shafi zuwa shafi, don haka wajibi ne a duba ma'aunin da ke gefen taswirar.

Mene ne taswirar ba ta iya gani?

Kwamfutocin hasashe suna raba duniya ne gida-gida, kowane gida mai faɗin kilomita 9 ko fiye. Hadarin da zai yi ɓarna a Kiru ya bar Bebeji a bushe yana iya zama ƙarami a wurinsu. Masana sun daɗe da sanin cewa hasashen ruwan sama na kwana-kwana ya fi rauni a yankin Sahel fiye da Turai, saboda yanayin hadarin yankin da kuma ƙarancin tashoshin aunawa da na'urorin rada. Hasashen zafi da iska da hazo ya fi na ruwa inganci.

Saboda haka, a sa'o'i kaɗan masu zuwa hoton tauraron ɗan Adam ya fi abin dogaro, hasashen da ya wuce kwanaki 3 kuwa a ɗauke shi a matsayin manuniya kawai.

Shafukan ambaliya sun fi ƙwarewa a kan manyan koguna masu cika sannu a hankali. Ƙaramin rafin da ke cika cikin sa'a guda ya yanke hanya ko ya cinye kwalbati yakan kuɓuce musu. Ambaliyar da ta afka wa garin Mokwa na jihar Neja da asubahin 29 ga watan Mayun 2025, ta hallaka mutane fiye da 150, irin wannan ce mai zuwa ba sallama.

Haka kuma, tauraron ɗan Adam ba ya sanin ƙarfin bangon madatsa ko shawarar da injiniyoyi za su yanke. Ɓallewar madatsar Alau a watan Satumbar 2024, wadda ta shafe babban ɓangare na Maiduguri, ta sa hankali ya koma kan tsofaffin madatsun arewa. A irin wannan lokaci jita-jita kan yi yawa a WhatsApp, har da tsofaffin hotuna daga wasu ƙasashe. Saƙon da ba shi da kwanan wata ko sunan hukumar da ta fitar da shi, bai kamata a yaɗa shi ba sai an tabbatar.

Wanda ba shi da intanet fa?

Mafi yawan waɗanda ambaliya da iska suka fi shafa ba su da babbar waya, kuma kusan duk shafukan da aka ambata da Turanci suke. Har yanzu rediyo ne ke kai labari lungu da saƙo a kudancin Kano, sai kuma masallatai da kasuwanni da fadar dagatai da masu unguwanni.

A nan ne nauyi ya hau kan masu ilimi. Malamin makaranta ko malamin gona ko ma'aikacin asibiti guda da ya iya karanta taswira zai iya zama idon ƙauye baki ɗaya, muddin ya faɗi abin da ya gani ba ƙari, ya kuma bayyana inda ya samo shi.

Wasu kan yi ɗari-ɗari da hasashen yanayi, suna ganin kamar shiga gaibu ne. Amsar da aka saba bayarwa ita ce, hasashe karanta alamu ne, kamar yadda manomi ke duban gabas ya ce yau akwai hadari, saukar ruwa kuwa sai Allah ya nufa. Hausawa ma sun ce rigakafi ya fi magani.

A watan Maris na 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar da shirin ganin cewa kowane mutum a duniya yana samun gargaɗin bala'in yanayi kafin ƙarshen 2027. Wani ƙiyasi da Majalisar ke yawan kafa hujja da shi ya nuna cewa gargaɗin sa'o'i 24 kacal na iya rage ɓarna da kashi 30 cikin 100. A daminar shekarar da aka sanar da shirin, ambaliya ta hallaka mutane fiye da 600 a Najeriya, kuma Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Me ya kamata a yi idan gargaɗi ya zo?

Kafin damina ta kankama, a yashe magudanan ruwa, a ƙarfafa rufin kwano, a gyara katangar ƙasa da ta tsage. Rushewar gine-ginen ƙasa bayan ruwa na kwana da kwanaki na cikin abubuwan da suka fi cin rayuka a jihar Kano lokacin marka.

Manoma kuma su kwatanta ranar saukar ruwan shuka da NiMet ta bayar da abin da suke gani a gonakinsu, domin ruwan farko na watan Afrilu ko Mayu yakan yaudari mai gaggawa, iri ya ƙone a ƙasa.

Idan ana tsawa, a guji fakewa a ƙarƙashin bishiya ko tsayawa a fili ko cikin ruwa. Wanda ya ƙirga daƙiƙoƙin da ke tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa ya raba su gida 3, zai san nisan aradun a kilomita. Daƙiƙa 9 na nufin kilomita 3, kuma wannan kusa ne ƙwarai.

Kada a ratsa ruwa mai gudu, a ƙafa ko a babur ko a mota. Ruwan da ya kai santimita 15 yana iya kayar da babban mutum, wanda ya kai santimita 30 kuma yana iya ɗaga ƙaramar mota.

Mazauna bakin kogin Kano da ƙasan madatsun Tiga da Bagauda su san tudun da za su nufa tun kafin buƙata ta taso, su ajiye takardu masu muhimmanci da magunguna a wuri guda cikin leda, su kuma fara fitar da yara da tsofaffi da marasa lafiya idan hukuma ta ce a tashi.

Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kuma kiranta kyauta ne.